Asusun Talakawan Mit Gamar: Idan Banki Ya Girma, Na Wane Ne?

 

A arewacin ƙasar Masar, inda kogin Nilu ya rabu biyu kafin ya faɗa cikin Bahar Rum, akwai wani gari a bakin reshen gabas ana ce da shi Mit Gamar, a cikin lardin Daƙahaliyya. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A cikin watan Yuli na 1963 aka buɗe wani ɗan banki a garin, wanda ba ya karɓar kuɗin ruwa, ba ya kuma bayarwa. Bai wuce shekara huɗu a kan wannan tsari ba, amma duk da haka masu rubuta tarihin bankunan Musulunci daga kansa suke fara lissafi. Labarinsa ya cancanci a ji shi, domin yana ɗauke da wata tambaya wadda ta shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar guminsa ya miƙa wa wani ya ajiye masa: asusun da talakawa suka gina da kwabbansu, idan ya bunƙasa ya zama babba, wane hakki ne ya rage musu a cikinsa?

Mutumin da ya kafa bankin shi ne Dokta Ahmad An-Najjar, Bamisire wanda ya yi karatun tattalin arziki a Jamus ta Yamma. A can ya ga wasu bankunan ajiya na garuruwa, waɗanda kowannensu yana da iyakar yankinsa: a nan yake tara kuɗi, a nan kuma yake ba da rance. Kuɗin mai gasa burodi shi ake ranta wa kafintan da ke bayan gidansa. Da ya komo gida ya dubi ƙauyukan Masar, sai ya tarar manomi ba ya kusantar banki ko kaɗan. Wanda ya sami ɗan rara sai ya binne a tukunya, ko ya sayi zinari ya rataya wa matarsa, ko ya ƙara saniya. Wanda kuma buƙata ta kama shi kafin kaka, sai ya faɗa hannun mai ba da bashi da ruwa, ko ya sayar da audugarsa tun tana gona a kan farashin wulaƙanci, irin abin da Bahaushe ke kira falle. Masu mulki suna cewa jahilci ne ya hana manomi zuwa banki. An-Najjar ya ga cewa tsoron Allah ne da rashin yarda suka haɗu: mutumin ya ji a masallaci cewa kuɗin ruwa haramun ne, kuma ya san kuɗin da ya shiga babban banki Alƙahira yake tafiya, ba ya dawowa.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a warware wani ruɗani da rubutun boko ya jawo. Kalmomi biyu ne na Larabci suka shigo Hausa suka zama kamar ɗaya a kan takarda. Akwai ribhu, watau ribar da ɗan kasuwa ke samu a cinikinsa, wadda halal ce. Akwai kuma riba, watau ƙarin da ake ɗora wa bashi saboda jinkiri, wadda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta haramta a daidai inda ta halatta ciniki. Don kada a rikice, a cikin wannan bayani duk inda aka ce riba ana nufin ta ciniki, waccan kuwa za a kira ta kuɗin ruwa.

Tsarin bankin Mit Gamar ba shi da wuyar fahimta, kuma da gangan aka yi shi haka. Mutum yana iya buɗe asusun ajiya da 'yan kuɗi ƙalilan, ya karɓi abinsa duk ranar da ya so, ba a ƙara masa kome ba, ba a rage masa ba. Ladan da yake samu shi ne, idan ya saba da ajiya har aka san shi, yana da damar karɓar rance ba tare da ruwa ba, ya sayi iri ko taki ko keken ɗinki. Wanda yake son kuɗinsa ya haihu kuwa sai ya sa a asusun jari, bankin ya juya kuɗin a sana'o'in yankin, a raba riba, in an yi hasara kuma a ɗauka tare. Ban da waɗannan akwai asusun zakka da sadaka, wanda ake taimakon wanda gobara ko ciwo ko mutuwar dabba ta durƙusar da shi.

Ba sabon abu An-Najjar ya ƙago ba, duk almajirin da ya karanta babin ciniki a littattafan Malikiyya zai gane waɗannan. Asusun jari shi ne ƙiradi, wanda waɗansu mazhabobi ke kira mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki. Asusun ajiya kuwa yana da asali a aikin Sahabi Zubairu ɗan Awwam, Allah ya yarda da shi. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa mutane sukan kawo masa dukiya don ya ajiye musu, sai ya ƙi karɓa da sunan ajiya, ya ce a mai da ita rance, saboda yana tsoron kada ta salwanta. Hikimar ita ce, a shari'a wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta ɓata ba da sakacinsa ba, kuma ba shi da izinin taɓa ta. Wanda ya ci bashi kuwa yana iya juya kuɗin, amma biya ya zama wajibi a kansa ko mene ne ya faru. Watau Zubairu ya zaɓi ya ɗora wa kansa nauyi mafi girma don masu dukiya su kwana da kwanciyar rai. Da ya rasu aka lissafa bashin da ke kansa ya kai miliyan 2 da dubu 200. Ɗansa Abdullahi ya sayar da filinsa na Gaba, kusa da Madina, ya biya, sa'an nan ya ƙi raba gādo sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo ya karɓa. Wannan shi ne ma'aunin wanda ya riƙe kuɗin jama'a.

To, mutanen Mit Gamar da kewaye suka karɓi bankin hannu bibbiyu. A shekararsa ta farko masu ajiya sun ɗara dubu 17, abin da suka tara kuwa wajen Fam dubu 41 ne na Masar. Kafin 1967 bankunan sun kai tara a garuruwa dabam-dabam, masu ajiya sun kai kimanin dubu 250, kuɗin ya haura Fam miliyan 1 da dubu 800. Mai karatu ya raba wannan da wancan, zai ga kowane mutum bai wuce Fam bakwai da 'yan kai ba. Wannan ɗan lissafi ya fi kowane jawabi bayyana ko su wane ne masu bankin. Ba attajirai ba ne. Mata ne masu sayar da ƙwai, da ɗalibai, da leburori, da manoman da gonarsu ba ta kai a yi alfahari da ita ba.

Abin da ya riƙe wannan gini shi ne sanayya. Ma'aikacin bankin ya san wanda ke gabansa, ya san mahaifinsa, ya san ko gonarsa tana bakin ruwa ko tana nesa. Mai karɓar rance kuma ya san kuɗin da aka ba shi na maƙwabcinsa ne, wanda za su haɗu a sahu ɗaya ranar Jumma'a. Kunyar ido ta tsaya a matsayin jingina. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara, bayan an yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu da riƙe jingina, ta buɗe ƙofa ga waɗanda suka amince wa juna, tare da gargaɗin cewa wanda aka amince masa ya mai da amanar, ya ji tsoron Ubangijinsa. Ta wannan ƙofa talaka ke shiga, domin ba shi da gida mai takarda ko filin da zai jinginar. Dukiyarsa ita ce sunansa a unguwa, kuma wannan dukiya ba ta da daraja sai a wurin da aka san shi.

Wani abin lura shi ne, ba a rubuta kalmar Musulunci a allon ƙofar bankin ba. An kira shi bankin ajiya na gari kawai. Dalili kuwa a fili yake: zamanin Shugaba Jamal Abdun Nasir ne, gwamnati ta riga ta mai da dukkan bankunan ƙasar mallakarta tun 1961, kuma tana kallon duk wani motsi mai sunan addini da idon zargi. An-Najjar ya gwammace ya sami aikin ya bar sunan. Amma ɓoyewar ba ta cece shi ba. A 1965 Masar ta yanke hulɗa da Jamus ta Yamma, wadda daga can ne tallafin farko ya fito. A wannan shekara kuma aka shiga kamen 'Yan'uwa Musulmi, har aka rataye Sayyid Ƙuɗub a 1966. A 1967, shekarar da Masar ta sha kashi a yaƙinta da Isra'ila, aka ɗauke bankunan daga hannun waɗanda suka kafa su, aka sa su ƙarƙashin manyan bankunan gwamnati, aka shigo da kuɗin ruwa. Masu ajiya suka yi ta janye jiki.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowa ya ɗora laifin duka a kan siyasa ba. Akwai masu ganin cewa saurin yaɗuwar ma ya taimaka, domin daga banki ɗaya zuwa tara cikin shekara huɗu ba ƙaramin tsalle ba ne, kuma ana iya buɗe ofis cikin wata guda, amma ba a iya horar da amintaccen ma'aikaci cikin wata guda. Ko wanne ne ya fi nauyi, abu ɗaya ya tabbata: ginin yana nan, littattafan lissafi suna nan, har ma an sami babban banki ya tsaya a baya, wanda a ido ya fi ƙarfi da tsaro, amma manomi ya ɗauki Fam bakwai ɗinsa ya koma gida. Ya gane cewa asusun ya daina zama nasa.

Irin da aka shuka bai mutu ba. A 1971 gwamnatin Masar ta kafa Bankin Nasir na Jin Daɗin Jama'a, wanda aka tsara ba da kuɗin ruwa ba. A 1975 aka buɗe Bankin Musulunci na Dubai, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a Jidda. A 1977 aka kafa bankunan Faisal a Masar da Sudan. Wannan karon an rubuta sunan Musulunci ɓaro-ɓaro, kuma kuɗin man fetur ne ya tsaya musu, ba kwabban masu sayar da ƙwai ba. An-Najjar da kansa ya zama babban sakataren ƙungiyar bankunan Musulunci ta duniya. A yau dukiyar da ke juyawa a wannan fanni ta wuce abin da mutumin Mit Gamar zai iya ƙirgawa ko a mafarki.

Sai dai da girman ya zo, salon aikin ya sauya. Ƙiradi da tarayya, waɗanda a cikinsu banki ke ɗaukar hasara tare da mai sana'a, suka koma gefe. Abin da ya mamaye shi ne murabaha: banki ya sayi mota ko kaya, ya sayar wa mai buƙata da ƙarin riba sananniya, a biya sannu a hankali. Jumhurun malaman zamani sun halatta wannan idan an cika sharuɗɗa, musamman idan bankin ya mallaki kayan da gaske kafin ya sayar, kuma ba wurin wannan fili ba ne ya haramta abin da suka halatta. Amma ya kamata a tuna cewa Shaihu Halilu a cikin Muhtasar, da ya zo kan murabaha, ya halatta ta ne tare da nuna cewa barinta ya fi soyuwa, saboda yawan bayanin da take buƙata wanda mutane ba su cika kiyayewa ba. Abin da magabata suka ajiye a matsayin ƙaramar ƙofa shi ya zama babbar ƙofar gida. Kuma murabaha ta banki tana neman mai albashi ko mai jingina. Mai sunan kirki a unguwa kaɗai ba ya cikin lissafinta.

Masu tafiyar da manyan bankuna suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan ce kuɗin da ke hannunsu amana ne, ba su da ikon su jefa shi inda ba su da tabbas. Ƙaramin banki na gari guda, idan fari ya zo ko tsutsa ta cinye auduga, dukkan masu bashinsa za su kasa biya a lokaci ɗaya, ya durƙushe da kuɗin marayu a cikinsa. Babban banki kuwa idan Kudu ta yi hasara Arewa ta rufe. Bugu da ƙari, manajan da ke kula da mutum dubu hamsin ba zai san mahaifin kowa ba, tilas takarda ta maye gurbin ido. Duk wannan gaskiya ne. Musulunci bai yabi ƙanƙanta don ƙanƙantarta ba, kuma tsare dukiya yana cikin manyan manufofin shari'a. Bahaushe ma ya ce da hanau gara mannau.

Amma hujjar tsaro tana da iyaka. Idan aka bi ta har ƙarshe, sakamakonta shi ne a tara kuɗi daga kowa, a ranta wa masu shi kaɗai. Reshen banki a ƙauye ya zama kamar bakin rijiya da ake jan ruwa a kai birni. Aya ta 7 ta Suratul Hashri, a wajen bayanin rabon dukiyar da ta shigo hannun al'umma, ta faɗi dalilin rabon, watau don kada dukiya ta zama abin kewayawa tsakanin mawadata kawai. Bankin da ya tsarkake kowace yarjejeniya daga kuɗin ruwa, amma ya zama bututun da ke kwashe ajiyar talakawa zuwa ga mawadata, ya kiyaye harafin wata aya ya manta da manufar wata.

Akwai wata ƙissa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a farkon babin ƙiradi, wadda ta dace da wannan wuri. 'Ya'yan Halifa Umar biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, sun fita cikin runduna zuwa Iraƙi. A hanyar dawowa suka biya ta wurin Abu Musa Al-Ash'ari, gwamnan Basra. Yana da kuɗin baitulmali da zai aika Madina, sai ya ranta musu, don su sayi kaya a Iraƙi su sayar a Madina, su miƙa uwar kuɗin ga Halifa, ribar ta zama tasu. Suka yi haka, suka ci riba. Da suka zo gaban mahaifinsu, bai tambaye su ko an sa ruwa a rancen ba, domin babu. Abin da ya tambaya shi ne, shin dukkan mayaƙan aka ranta wa kamar yadda aka ranta musu? Suka ce a'a. Ya ce to, don suna 'ya'yan Sarkin Musulmi ne aka ba su, su kawo kuɗin da ribar duka. Ubaidullahi ya yi jayayya, ya ce ai da kuɗin ya salwanta su za su biya. Daga bisani wani a majalisar ya ba da shawarar a mai da abin ƙiradi, Umar ya yarda, baitulmali ya ɗauki rabin ribar. Yarjejeniyar ba ta da aibi a siffarta. Abin da ya dami Umar shi ne wa aka buɗe wa ƙofa, wa aka rufe wa.

Wannan tambaya ta Umar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 1990 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da shirin bankunan al'umma, inda aka ce kowane gari ko unguwa su haɗa jari su kafa nasu. Cikin 'yan shekaru suka haura dubu ɗaya. Ba a kan tsarin shari'a aka gina su ba, amma tunanin sanayya iri ɗaya ne da na Mit Gamar. Da yawa daga cikinsu sun rushe, kuma sau da yawa ciwon daga cikin gida yake: waɗanda aka ɗora a kan asusun su ranta wa kansu da 'yan'uwansu, sa'an nan kunya ta hana a tambaye su. Ashe sanayyar da ke sa talaka ya biya, ita ce kuma ke hana a matsa wa mai unguwa idan ya ƙi biya. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa ƙaramin banki tsarkakakke ne don yana ƙarami. Bayan tsarin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2005, waɗanda suka rage aka umurce su su rikiɗe zuwa ƙananan bankunan ba da rance.

Ta ɓangaren bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa kuwa, Jaiz ya fara aiki a watan Janairu na 2012 a matsayin bankin yanki, da rassa uku a Abuja da Kano da Kaduna, bayan shekaru ana fafutuka tun daga sayar da hannun jari a 2003, wanda mutane da yawa suka saya saboda kishin addini fiye da kwaɗayin riba. A 2016 ya sami izinin aiki a faɗin ƙasa. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Su ma, kamar bankin An-Najjar, babu kalmar Musulunci a sunayensu. Bunƙasarsu abin farin ciki ne ga duk wanda ya daɗe yana ajiye albashinsa a inda zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kowannensu yana da majalisar malamai masu duba ingancin yarjejeniyoyi, kuma aiki ne mai kyau. Abin da ya rage shi ne masu hannun jari da masu ajiya su koyi yin tambayar da ta wuce siffar takarda. A taron shekara ana karanta yawan riba da yawan rassa. Yana da kyau wani ya miƙe ya nemi a faɗa masa, daga cikin kuɗin da aka tara a gari kaza, nawa aka juya a cikin garin, kuma mutum nawa ne marasa jingina suka sami jari a bana. Mai ajiyar Naira dubu biyar yana da hakkin jin amsar kamar mai miliyan ɗari, domin shari'a ba ta sa nisabi a kan amana ba.

Dokta An-Najjar bai ga bankunan Nijeriya ba, amma ya rayu har ya ga abin da 'ya'yan Mit Gamar suka zama a ƙasashen Larabawa, kuma bai ɓoye damuwarsa ba. A 1993 ya wallafa littafi a kan tafiyar bankunan Musulunci, wanda sunansa kaɗai ya isa bayani, domin ya haɗa abu biyu ne a cikinsa: haƙiƙanin asali da ruɗin siffa. A ciki ya koka cewa an bar raya ƙauyuka da koya wa talaka ajiya, an koma neman riba mai sauri ta hanyar murabaha. Ya rasu a 1996, shekara 33 bayan buɗe ɗan bankin da ya tara Fam dubu 41 a shekararsa ta farko. Allah ya jiƙansa da rahama.